Garkar cikin gida: abin da kullen korona ya koya wa gidajen Tarka da Damargu

 Yau maganarmu a kan garkar cikin gida ce, wato ɗan fangalin ganye da ake yi a bayan ɗaki ko kusa da wurin wanke-wanke. Za mu tuna abin da ya faru lokacin kullen korona na 2020, mu ga dalilin da ya sa ɗan ganyen nan yake da daraja ranar da hanya ta rufe, sannan mu yi bayanin yadda ake yin garkar a ƙasa irin tamu da ruwa ke da wuya.

Yadda kullen ya iso mana

Ran 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya yi wa ƴan ƙasa jawabi. Aka rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram, aka rufe iyakokin ƙasa, aka rufe lakwal tun daga ran 20 ga wata, aka kuma hana taron da ya wuce mutum 50. Ran 19 ga Maris aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da cutar a Nijar. Ran 27 ga Maris aka kafa dokar ta-ɓaci ta lafiya, aka hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, aka kuma killace birnin, ba shiga ba fita. Sallar jam'i ma an dakatar da ita. Masallatai sun sake buɗewa ran 13 ga Mayu, yara sun koma lakwal ran 1 ga Yuni, amma iyakokin ƙasa sai a watan Yuni na 2021 aka buɗe su.

A ƙauyukanmu ba wanda ya zo ya garƙame ƙofar kowa. Mutane sun ci gaba da zuwa rijiya, sun ci gaba da kiwo. Kullen ya shigo mana ne ta hanya da ta aljihu, kuma ta ƙofa uku.

Ta farko, kuɗin ƴan bida. Gidaje da yawa a Damargu suna ƙarasa rani ne da abin da ɗa ko miji ya aiko daga Libiya, Aljeriya ko Najeriya. Da aka kulle can, aikin gini da dako da ƙananan sana'o'i suka tsaya, aike ya ragu, wasu kuma suka maƙale, ba aiki ba hanyar dawowa.

Ta biyu, kasuwar bisashe. Mu nan idan hatsi ya ƙare akuya ko tunkiya ake kaiwa kasuwa a auno. Yawancin bisashenmu Najeriya suke nufa, ita kuwa ta riga ta rufe iyakarta tun watan Agusta na 2019, sai ga korona, sai ga naira ta faɗi. Mai sayen bisa ya yi ƙaranci, wanda ya zo kuma ya taya da arha.

Ta uku, bakunan ci. Ƴan lakwal suna gida wuni guda, almajirai da dama sun dawo daga Najeriya, matan da ke sayar da ƙosai da fura a ƙofar lakwal da wurin biki da suna sun rasa ciniki. Duk wannan ya faɗo a tsakiyar bazara, rana na dukan sama da digiri 40, rumbu ya fara nuna gindi, ga azumi ya kama a ƙarshen watan Afrilu.

Lissafin uwar gida

Abincin gida kashi biyu ne: hatsi da mahaɗi. Hatsi yana fitowa daga rumbu ko daga kasuwa. Mahaɗi kuwa, wato kuka, kuɓewa, kauɗa, tonka, gabu, daddawa, mai da gishiri, kusan kullum sai an fitar da kuɗi, dala goma nan, dala ashirin can. Ba a jin fitarsu a rana ɗaya, amma in aka tara na wata guda sai a ga kuɗin tiya da yawa na hatsi ne.

To a nan ne garka take aiki. Kada wani ya ruɗe ku, fangali biyu a bayan ɗaki ba za su cika rumbu ba, kuma ba za su hana a sayi hatsi ba. Abin da suke yi shi ne su ɗauke wa gida wani kaso na kuɗin miya, ɗan abin da ke hannu ya tafi wajen awo. Ranar da ba ko dala, uwar gida tana iya tsinko zogale ta yi kwaɗo ko dambu, yara su ci su kwanta. Ga kuma lafiya: ganye mai duhun kore, irin zogale da alayyaho da yakuwa, yana da sinadarin bitamin A da na ƙarin jini, waɗanda rashinsu ke kawo dundumi da ƙarancin jini ga mai ciki da mai goyo, ya kuma buɗe wa tamowa ƙofa wajen ƙananan yara. Gidan da ya koma tuwo da ruwan kuka zalla wata biyu, a jikin yara ake fara gani.

Noman rani ba baƙo ba ne a Nijar. Tun bayan farin 1984, zamanin Seyni Kountché, hukuma ta tura jama'a ga garake, kuma shirin 3N na 2012 ya ƙara ƙarfafa shi. Wanda ya taɓa zuwa ƙasan kwarin Tarka, wajen Madawa, ya ga yadda albasa ke cika fadama, domin can ruwa yana kusa. Mu da ke saman kwarin lamarinmu daban ne. Ruwan samanmu galibi tsakanin milimita 200 ne da 300 a shekara, tabkuna suna ƙafewa da wuri, rijiyoyi da yawa kuma sai da jaki ko raƙumi ake jan guga. Saboda haka garkar da za ta yi mana ƙarama ce, kuma da ruwa ake fara auna ta.

A fara da lissafin ruwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a share wuri mai faɗi a zuba iri, bayan sati uku ruwa ya gagara, komai ya ƙone, a ce garka ba ta yi a nan. Ga ma'auni mai sauƙi. Fangali mai taki ɗaya a tsawo, taki ɗaya a faɗi, wato kamar mita ɗaya kowane gefe, yana shan kimanin lita 5 zuwa 6 a rana lokacin ɗari, a bazara kuma ya kai lita 8 ko fiye. Ke nan bido mai lita 25 yana riƙe fangali huɗu irin wannan da ɗari, uku da bazara. Gidan da ba zai iya ware bido guda kullum ba, ya tsaya a fangali biyu da gindin zogale uku ko huɗu. Ƙarami mai rai ya fi babba da ya mutu.

Ruwan kuma ba dole sai sabo daga rijiya ba. Lokacin korona an yi ta kiran a wanke hannu, ruwa mai yawa ya tafi ƙasa a banza. In aka ajiye roba a ƙarƙashin buta, ko aka shuka zogale daidai inda ake alwala, wannan ruwan ya isa ya raya itace. Ruwan ɗaurayar kwanoni da na wanke ganye duk suna yi. Ƙasari dai na bisashe ne, kada a raba su da shi. Ruwan wanki mai omo da yawa ko mai jabel kada a zuba wa ganyen da za a ci, a kai shi gindin bedi ko wani babban itace. Inda ruwan rijiya ke da kanwa, za ku ga farin gishiri yana fitowa saman fangali. A irin wannan wuri a yawaita taki, kuma lokaci-lokaci a yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya don ya tura gishirin ƙasa.

Akwai dabaru uku na rage shan ruwa. Na ɗaya, a yi fangali a kwari, ya nutse kamar tafin hannu ƙasa da filin gida, don ruwa ya tsaya iska kuma ta wuce ta sama. Na biyu, a rufe ƙasar da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa ko ɓawon wake, rana ba za ta shanye laimar da sauri ba. Na uku, a binne tulu ko tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ba har wuya a tsakiyar fangali, a cika ta a rufe bakin, a shuka kewaye da ita. Ruwan yana tsatsowa a hankali daidai wurin saiwa, sai a riƙa ƙarawa bayan kwana biyu ko uku. Rufe bakin dole ne, saboda sauro. Ban ruwa kuwa da sassafe ko bayan la'asar ake yi, ban da tsakar rana.

Gidan da ƙasarsa rairayi ne zalla, ko tsakar gidan ta yi ƙanƙanta, yana iya cika tsohon buhu ko fasasshen bido da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a huda gindin, a shuka a ciki. Amfaninsa ruwa ba ya gudu gefe, kuma ana iya jan shi zuwa inuwa.

Me za a shuka, kuma yaushe

Kullen 2020 ya zo a ƙarshen Maris, lokacin da ya fi kowane muni ga sabuwar shuka. Wanda ya ruga ya sayi irin tumatir ko salati ko shu a lokacin ya yi asarar kuɗinsa, domin waɗannan kayan ɗari ne. Tumatir in zafi ya yi yawa furensa zubewa yake, ganye ya yi kyau amma ba ɗa. Lokacinsu daga Oktoba ne zuwa Fabrairu: a yi reno sati uku zuwa huɗu, a dasa, a fara tsinka bayan wata biyu da ƴan kwanaki.

Masu jure zafi su ne namu na gado. Alayyaho yana isa yanka cikin sati uku zuwa huɗu, kuma in aka yanke sama aka bar gindi yana sake tohowa. Yakuwa da rama da malohiya suna ba da ganye bayan wata guda da ɗan kai. Kuɓewa tana fara ƴaƴa wajen wata biyu, kuma in ana tsinka duk bayan kwana biyu ta daɗe tana bayarwa. Wake ma ganyensa miya ne, harawarsa ta akuya. Kabewa guda a gindin darni tana hawa da kanta, ba ta cin wuri.

Uban tafiyar dai zogale ne. A shuka ƙwaya biyu a rami mai taki da farkon damina, ta tsiro cikin sati ɗaya ko biyu. In ya kai ƙugu a datse kansa, don ya yi rassa ya tsaya inda hannu ke kaiwa. In aka bar shi sai ya miƙe sama ya zama sanda, ganye kaɗan. Zogalen da ya sha damina guda ya kafa saiwa yana ratsa bazara da ɗan ruwan alwala. Wannan shi ne babban darasin: itacen da zai ciyar da gida a watan Afrilu, a watan Yuli na bara ake shuka shi.

Taki, darni da ƙwari

Taki muna da shi, tunda kusan kowane gida da turke. Sai dai ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙona shuka kuma yana jawo gara. A tara shi a rami da sharar gida da ɗan toka, a yayyafa ruwa, a juya bayan sati biyu, a bar shi wata biyu zuwa uku har ya yi baƙi ya daina zafi. Leda da batir da fasasshiyar kwalba kada su shiga ramin.

Kafin iri ya taɓa ƙasa a gama darni. Akuya guda tana share aikin wata biyu kafin a idar da salla. Kara da zana da ƙayar magariya sun isa, a toshe ƙasa sosai saboda kaji, kuma a ƙara kauri ta gefen gabas da arewa inda iskar hunturu ke bugowa. Ƙadangare da tsuntsu suna cin shuka tun tana ganye biyu. Tsohon sange da ya yage har ba ya kare kowa, a wanke shi a lulluɓa. Sabon sange kuwa na yara ne, kada a cire shi daga gado saboda alayyaho.

Maganin ƙwari ma yana tsakar gida. A barbaɗa toka a kan ganye da safe. In tsutsa ta yi yawa, a daka busassun ƴaƴan bedi kimanin rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a yayyafa da yamma, a maimaita bayan sati. Maganin feshi na kasuwa wanda ba a san sunansa ba, ba takarda ba ma'auni, kada ya shiga garkar da ke tsakiyar yara, balle a kan ganyen da za a ci gobe.

Shanya da ajiya

Garka rabin aiki ce, sauran rabin yana cikin ajiya. Da damina tafasa da gasaya da yakuwa da malohiya suna fitowa ko'ina, wani lokaci har a taka a wuce. Wannan ne lokacin tarawa. Ganye a inuwa ake shanya shi, cikin ɗaki mai iska ko ƙarƙashin rumfa, a kan tabarma mai tsabta, domin rana tana cinye korensa da amfaninsa. Kuɓewa da tumatir su ake yankawa a baza a rana. In ya bushe har yana karyewa a hannu, a zuba a tulu ko bido mai murfi, a ɗaga daga ƙasa. Ƴaƴan yakuwa kuma su ne daddawar batso, wadda iyayenmu mata suka san aikinta tun kafin dunƙulen kanti ya zo.

Iri ma a ajiye na gida. A bar gindin da ya fi kyau ya nuna sosai, a cire irin, a gauraya da toka, a rufe a kwalba. Irin kuɓewa da yakuwa da alayyaho da zogale na gida yana maimaita kansa shekara da shekaru. Irin kanti da aka rubuta wa F1 a jikin leda yana yin kyau a shukar farko, amma ƴaƴansa ba sa fitowa kamar uwar, sai an sake saye.

Kada kuma a manta da itatuwan daji. Anza, jiga, aduwa da magariya sun fitar da kakanninmu daga yunwa fiye da sau ɗaya, kuma ba sa neman ban ruwa. Ƙungiyar Eden ta yi shekaru a Dalli, kusa da Tanut, tun ƙarshen shekarun 1980, tana raba wa manoma irin waɗannan itatuwa su shuka kai tsaye a gonakinsu. Anza dai kowa ya sani sai an jiƙa ta kwanaki ana canza ruwa har ɗacin ya fita kafin a ci. Wanda ya bar irin waɗannan itatuwa a gonarsa lokacin sassabe ya ajiye wa gidansa abinci.

Aikin na gida duka ne

In aka jibga garka a kan uwar gida ita kaɗai, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga goyo, ba za ta yi nisa ba. Mai gida, darni da haƙa rami da kawo taki naka ne. Samari masu amalanke su ƙara bido guda in sun je rijiya. Yara su ɗauki ban ruwa da korar kaji, kowane yaro a ba shi buhunsa ko gindin zogalensa, za ku ga yadda zai kula da shi. Watanni biyu da ƴan kwanaki da yara suka yi ba lakwal a 2020 sun nuna cewa yaron da ba a ba shi aiki ba, shi zai nemo wa kansa. Tsofaffi kuma su ne suka san wane ganye ake ci, wane ake jiƙawa, wane ba a taɓawa. A tambaye su tun suna nan.

Matan da ke cikin asusu, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991, suna iya haɗa kuɗi su sayi iri tare, mace ɗaya ta yi reno ta raba wa saura dashe. Wadda tata ta yi yawa ta sayar ko ta yi musanya da maƙwabciya, zogale a ba da, nono a karɓa.

Saƙo ga ƴan'uwa da ke nesa

Ku da ke bida, mun san ba a kwance kuke samu ba. In Allah ya hore, a cikin abin da kuke aikowa ku ware wani abu tun da kaka, wajen Oktoba, lokacin da hatsi ke da sauƙi kuma ɗari ke shigowa. Jika kaɗan sun isa sayen bido biyu, da tulu, da iri, da zana. In da hali a ƙara waya ta shinge, wadda za ta yi shekaru. In kun kira gida, bayan gaisuwa ku tambaya: zogale nawa ke tsakar gida, an shanya ganye bana? Ku bar zaɓin abin shukawa ga wadda za ta yi ban ruwan, ita ta san nisan rijiya.

Rufewar hanya ba sau ɗaya ta same mu ba. Bayan korona, a ƙarshen Yuli na 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, iyakar Najeriya ta sake rufewa, ba a ɗage ba sai a Fabrairu na 2024, kuma kowa ya ji a kasuwa. Ba mu da iko da iyaka, ba mu da iko da farashin naira. Abin da ke hannunmu shi ne taki biyu na ƙasa a bayan ɗaki, da ruwan alwala, da irin da ke cikin kwalba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na kwamin, ko ya leƙa gidan maƙwabcin da tasa ta yi kyau ya ga yadda ya yi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga annoba, ya dawo mana da matafiya lafiya. A gaida gida, a gaida yara.